Jinin zomo, nonon dorina: yadda furotin ya tona asalin wel da dolfin

Idan aka jera alade da dorina da wel, aka ce mutum ya fitar da bare a cikinsu, ba zai tsaya dogon tunani ba. Alade da dorina ga ƙafa huɗu, ga teɓa, ga son birgima cikin taɓo. Shi kuwa wel, ƙaton nan na teku da jama'a ke kira kifi saboda siffarsa, ba shi da ƙafar baya da ido zai gani, hancinsa ya hau tsakiyar ka, wani jinsinsa ma tsawonsa kan kai mita 30. Su kansu masana dabbobi haka suka raba su shekara da shekaru: dorina da alade ɗaki ɗaya, wel can a waje. Amma amsar da ke cikin littattafan ilimin halittu a yau ita ce, aladen ne bare. Cikin duk dabbobin da ke raye babu wadda ta kai dorina kusanci da wel da ƙaramin ɗan gidansa dolfin, kuma dangantakarta da su ta fi wadda ke tsakaninta da alade ƙarfi.

Ba ƙashi ne ya fara kawo wannan labari ba, furotin ne, kuma sai da ya yi kusan shekara 50 yana nanatawa kafin a ba shi gaskiyarsa. Abin da ya ja hankalina ga batun shi ne, wannan mai ba da shaida da ya faɗi gaskiya a kan dorina, shi ne kuma aka kama daga baya yana rantsuwa cewa dolfin ɗan'uwan jemage ne. Baki biyu gare shi: da ɗaya yana faɗin daga inda dabba ta fito, da ɗayan yana faɗin aikin da take yi. Duk wahalar wannan fanni tana wajen gane da wane bakin yake magana.

Matsalar tsohuwa ce. Tun zamanin Girkawa Aristotal ya lura cewa dolfin da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi ba ƙwai ba, kuma yana shayar da ɗansa. A 1758 Linnaeus, masanin Suwidin da ya tsara sunayen halittu, ya cire wel daga sahun kifaye ya sa shi cikin dabbobi masu shayarwa. To, daga wane gida? Nan gizo ke saƙar. Zaman teku ya sake ƙera jikin tun daga kai har wutsiya, ya share kusan duk sawun da za a bi. Darwin da kansa ya taɓa zamewa a nan. A bugun farko na littafinsa na 1859 ya kawo labarin baƙar beya ta Arewacin Amurka, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, da aka gani tana iyo baki buɗe tana kamun ƙwari, ya ce bai ga abin da zai hana zuriyar irin wannan dabba, in zamani ya yi tsawo, ta rikiɗe ta zama wani abu mai girman wel ba. Aka yi masa ca, sai ya datse maganar a bugu na gaba. A 1883 William Flower na Landan ya karkata ga dabbobi masu kofato, yana kafa hujja da kayan ciki, musamman tumbin wel mai ɗakuna da yawa. Ya kusa kamo bakin zaren, sai dai hujjarsa ba ta isa rufe bakin kowa ba.

Shi furotin ɗin, shi ne ma'aikacin jiki. Shi ke ɗaukar iska cikin jini, shi ke narkar da abinci, shi ne tsoka, shi ne gashi da farce. Kowane furotin sarƙa ce da aka jera daga tubala iri 20 da ake kira amino asid, kuma yadda za a jera su a rubuce yake cikin DNA, ɗa na gada daga iyaye. A ɗauke shi tamkar littafi mai haruffa 20 da ake kwafa da hannu, tsara bayan tsara. Komai ƙwarewar marubuci, wata rana alƙalami zai zame. In kuskuren bai ɓata ma'ana ba, wanda ya kwafa daga gare shi zai ɗauka yadda ya tarar, na bayansa ma haka. Bayan ƙarnuka, duk wanda ya tara kwafe-kwafen ya ga biyu sun yi tarayya a kuskure ɗaya a layi ɗaya, ya san daga hannu ɗaya suka fito, ko da sunan mai hannun ya ɓace. A farkon shekarun 1960 Emile Zuckerkandl da Linus Pauling suka ƙara da cewa kurakuran kan taru sannu a hankali bisa wani ma'auni, ta yadda yawan bambanci zai iya nuna daɗewar rabuwa.

Abin mamaki, an fara sauraron wannan shaida tun ba a iya karanta ko harafi ɗaya na littafin ba. Zomo aka sa ya yi karatun. In aka yi wa zomo allurar ruwan jinin saniya, jikinsa zai ɗauki furotin ɗin saniyar a matsayin abokin gaba, ya ƙera masa makaman da suka yi daidai da siffarsa kamar mabuɗi da kwado. Bayan 'yan makonni sai a ɗebi jinin zomon, a tace ruwansa, a haɗa da ruwan jinin saniya cikin kwalbar gwaji. Nan da nan ya gauraye, gudaji su kwanta a ƙasa. A haɗa da na tunkiya, zai gauraye amma bai kai na farko ba. A haɗa da na kaza, ruwan zai kusan tsayawa garau. Gwargwadon gurɓacewar, gwargwadon kusancin. George Nuttall na Cambridge ya wallafa sakamakon irin wannan gwaji har 16,000 a 1904. A 1950 kuma Alan Boyden da Douglas Gemeroy na Jami'ar Rutgers da ke Amurka suka juya gwajin kan wel, suka gwada jininsa da na manyan rukunonin dabbobi masu shayarwa. Yawancinsu ɗan alama kawai suka nuna. Rukuni ɗaya ne ya fita daban, ya ninka saura sau da dama: masu rababben kofato, wato dangin saniya, tunkiya, barewa, raƙumi, alade da dorina.

Da a ce an bi wannan hanya tun lokacin, da an huta. Amma ruwa mai gurɓacewa a kwalba ba ya burge mutumin da ke riƙe da haƙori a hannunsa. A 1966 Leigh Van Valen ya nuna cewa haƙoran tsofaffin wel da aka tono daga duwatsu, masu tsini uku-uku na yankan nama, sun yi kama ƙwarai da na wasu dabbobi da suka shuɗe da ake kira mesonikid, masu cin nama amma da ƙananan kofatai a yatsunsu. Wannan ra'ayi ya zauna daram sama da shekara 30. Kuma ba shirme ba ne: kamar tana nan, kowa na iya gani da idonsa, mesonikid ɗin ma masu kofato ne, don haka ana ganin kamar an sasanta da sakamakon jinin.

A tsakanin nan an koyi karanta haruffan kansu. Frederick Sanger ya kammala jera tubala 51 na insulin ɗin saniya, furotin ɗin da ke daidaita sukari cikin jini, a 1955, shekara ta zagayo shi da abokan aikinsa suka kwatanta na saniya, alade, tunkiya, doki da wel mai ƙaton kai, wanda aka daɗe ana farauta don man da ke cikin kansa. Duk bambancin ya taru ne a gurabe uku, na 8 da na 9 da na 10 a ɗaya daga cikin sarƙoƙi biyu na insulin, kuma insulin ɗin wel ya fito daidai da na alade, babu ragi babu ƙari. Mai gaggawa zai ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin insulin ɗin kare ma daidai yake da na alade, na mutum kuwa tubali ɗaya tak ya raba su. Furotin ne gajere da jiki ba ya yarda a taɓa shi sosai, saboda haka kurakuran da ke cikinsa sun yi kaɗan a gina nasaba a kansu. Littafin da ba a taɓa yin kuskure a kwafarsa ba, ba ya nuna hannun kowa.

Sai da shaidu suka yi yawa sannan maganar ta yi nauyi. A tsakiyar shekarun 1980 Vincent Sarich na Berkeley, da ingantacciyar hanyar gwajin zomo a kan albumin, wani furotin na jini, ya ambaci dorina da sunanta. A 1994 Dan Graur da Desmond Higgins suka tara jerin furotin da na DNA da dama, suka fito da abin da ya fi tayar da ƙura: ba wai wel maƙwabcin masu rababben kofato ba ne, ɗan cikin gida ne, domin saniya ta fi kusa da shi fiye da yadda take da raƙumi ko alade. A 1996 John Gatesy da abokansa suka duba kesin, furotin ɗin da ke sa nono fari, shi ma ya haɗa dorina da wel a reshe ɗaya. Gaskiyar magana, a wannan lokaci yawanci ba furotin ɗin ake karantawa kai tsaye ba, rubutunsa na DNA ake karantawa don ya fi sauƙi da arha, sannan a fassara shi zuwa tubalan. Daga Tokyo kuma Norihiro Okada da ɗalibansa suka zo da wata shaida ta daban a 1997 da 1999: wasu gutsattsarin DNA da kan kwafi kansu su faɗa ko'ina, kuma in sun zauna a wuri da wuya su tashi. Kamar baƙuwar jimla ce da ta kutsa tsakiyar shafi. Sun tarar da irin waɗannan a gurbi ɗaya cikin dorina da wel, babu su a saniya, babu su a alade.

Masu tonon ƙasusuwa suka ƙi, kuma suna da abin faɗa. Duk dabba mai rababben kofato tana da wani ƙashi a idon sawu da ba a samun irinsa a wani gida: yana da kwari mai santsi sama da ƙasa, kamar 'yar tayar da igiya ke bi ta kai, biyu a haɗe. Shi ke ba barewa tsallenta. Suka ce in wel ɗan gidan ne, a nuna musu wannan ƙashi. Wel na yau kuwa ba shi da idon sawu balle a duba. Pakicetus, wani tsohon wel mai kimanin shekara miliyan 50, wanda Philip Gingerich da Donald Russell suka bayyana daga Pakistan a 1981, ƙoƙon kansa aka fara samu. Basilosaurus, wani tsohon wel da aka tono a hamadar Masar, yana da 'yan ƙafafun baya, amma sun riga sun ƙanƙance sun sauya siffa. Sai a watan Satumba na 2001 ƙungiyar Gingerich da ta Hans Thewissen, kowace da nata binciken a Pakistan, suka fito da ƙafafun tsofaffin wel a cike. Ga ƙashin nan kuwa, kwari sama, kwari ƙasa. Gani ya kori ji. A 2007 Thewissen ya ƙara da Indohyus daga duwatsun Kashmir, 'yar dabba mai kofato da ba ta fi babbar kyanwa ba sosai, mai kaurin ƙashin kunne irin wanda a da aka ɗauka wel kaɗai ke da shi. Kiyasin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne reshen dorina da na wel sun rabu wajen shekara miliyan 55 da suka wuce.

Me ya yaudari masu haƙori? Aiki. Haƙori kayan aiki ne, kuma duk dabbar da ta koma yankan nama, ko daga ina ta fito, haƙorinta zai doshi siffar wuƙa. Kama da wane ba ta wane. Bayan 2001 an yi ta ba da labarin nan kamar nasarar sabon ilimi ne a kan tsoho, wai ƙwayoyin halitta ba sa ƙarya, ƙashi ne ke yi. A ganina wannan karatu ne na rabin shafi, domin furotin ma kayan aiki ne, kuma abin da ya sami haƙori yana iya samun sa.

Ya kuwa same shi. Cikin kunnen kowace dabba mai shayarwa akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke miƙewa su takure daidai da bugun sauti, suna ƙara masa ƙarfi kafin saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Injin da ke motsa su wani furotin ne da aka gano a 2000, aka raɗa masa suna firestin. Dolfin da sauran wel masu haƙora da amsa-kuwwa suke gani: su saki siririyar ƙara da kunnen mutum ba ya kamawa, su saurari dawowarta, su gane girman abin da ke gabansu da nisansa. Jemagu da yawa ma haka suke farauta cikin duhu. A 2010 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya ta Stephen Rossiter na Landan da Shuyi Zhang na Shanghai, ɗayar ta Jianzhi Zhang na Jami'ar Michigan, suka zana bishiyar nasaba da jerin tubalan firestin kaɗai. Sai ga dolfin zaune tsakiyar jemagu masu farauta da sauti, ya bar saniya can baya, su kuma jemagun sun bar 'yan'uwansu masu cin 'ya'yan itace a waje. Alhali kakannin jemage da na dolfin sun rabu fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce.

Yadda aka kama ƙaryar shi ne abin da ya fi daɗi a labarin. DNA da kalmomi masu haruffa uku-uku yake rubuta furotin, kuma kalmomin 64 ne alhali tubalan 20 ne kacal. Saboda haka tubali ɗaya kan sami kalma biyu, huɗu, har shida da ke nufin sa. Harafi na iya sauyawa a DNA ba tare da furotin ya sauya ba, kamar kalmar da aka rubuta da ƙa'idar rubutu daban amma furucinta bai canza ba. Irin wannan sauyi ba ruwansa da aiki, ba ya ƙara ji ba ya rage shi, gado ne zalla. Da aka ware waɗannan sauye-sauye na shiru aka sake zana bishiyar da su, dolfin ya koma gefen saniya, jemagu suka koma gidansu. Ƙwayar gado ɗaya ce, wato yankin DNA da ke rubuta furotin ɗin, amma ta ba da labari biyu. Sauye-sauyen da suka taɓa furotin sun faɗi sana'a: hanyoyin gyara wannan inji don ya kama siririn sauti ba su da yawa, don haka halittu biyu da ba su haɗa hanya ba suka faɗa kan gyara iri ɗaya. Na shiru kuwa suka faɗi asali.

Ko ba a zo ga sana'a ba, dogaro da shafi ɗaya na da haɗari. A 1993 Michel Milinkovitch ya fito da sakamakon da ya ce wel mai ƙaton kai ya fi kusa da manyan wel marasa haƙora fiye da dolfin. An yi shekaru ana ja-in-ja, kafin hanyar Okada ta mayar da shi cikin masu haƙora a 2001. Shi ya sa yau ba a yanke hukunci da furotin ɗaya, sai an tara ɗaruruwa ko dubbai.

Amma bakin nan na biyu, mai faɗin sana'a, ba abin yarwa ba ne. In an riga an san nasaba ta wata hanya, sai ya zama shi ne mai ba da labarin da ƙashi ba zai iya bayarwa ba: yadda dabbar ta rayu. Mayogulobin ne babban misali. Furotin ne mai tubala 153 da ke ajiye iskar oksijin cikin tsoka, shi ke sa nama ja. A tsokar wel mai zurfin nutso yawansa ya ninka na mutum fiye da sau 10, har naman ya koma kusan baƙi. Wannan yalwa ce ta sa John Kendrew na Cambridge, bayan ya sha wahala da na doki, ya koma kan na wel mai ƙaton kai, ya fitar da siffarsa a 1958. Shi ne furotin na farko da ɗan'adam ya ga yadda yake naɗe, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1962 tare da Max Perutz. Wannan rumbun iska na cikin tsoka yana daga cikin abin da ke ba wel mai ƙaton kai damar yin sama da awa guda a ƙasa, wani mai dogon baki da ake kira da sunan masanin Faransa Cuvier kuma an auna shi a zurfin mita 2,992, an kuma taɓa ƙirga masa minti 222 bai ɗago ba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure kai shi ne, furotin in ya cunkushe wuri ɗaya manne wa juna yake yi, ya dunƙule ya daina aiki. Ta yaya tsokar wel ke ɗaukar wannan lodi? A 2013 Michael Berenbrink na Jami'ar Liverpool da abokan aikinsa suka kwatanta mayogulobin na dabbobi masu shayarwa iri 130, suka ga na masu nutso ya tara cajin lantarki mai alamar tarawa a bayansa. Kamar bakunan maganaɗisu iri ɗaya, kowane yana ture ɗan'uwansa, sai su cika wuri ba tare da sun manne ba. An sami wannan dabara a wel, an same ta a sauran masu nutso da ba su haɗa dangi da shi ba, wato dai labarin firestin ne ya sake dawowa, sai dai wannan karon an san abin da ake sauraro. Tunda yawan cajin na tafiya da yawan mayogulobin, shi kuma da girman jiki suna nuna tsawon nutso, sai suka bi bishiyar nasaba da baya, suka kiyasta jerin tubalan kakanni a kowace mararraba, suka haɗa da girman jikin da ƙasusuwa suka nuna. Lissafinsu ya ba Pakicetus abin da bai kai minti 2 ba a ƙarƙashin ruwa, Basilosaurus kuma, bayan shekara miliyan 10 da ɗoriya, kimanin minti 17. Lissafi ne, ba agogo aka riƙe musu ba, kuma ya dogara da ingancin bishiyar da aka ɗora shi a kai. Duk da haka, a ce daga tsokar dabbar yau an hango numfashin wadda ta zama dutse tun tuni, abin jinjinawa ne. A 2022 Sarah Dungan da Belinda Chang na Toronto suka ƙara taku ɗaya: suka kiyasta jerin furotin ɗin gani cikin duhu na kakan wel, suka ƙera shi a ɗakin gwaji, suka haska masa fitila. Ya nuna ya fi kama shuɗin haske, irin wanda ke ratsawa zuwa zurfin teku.

Akwai kuma shaidar furotin da ya mutu. In jiki ya daina bukatar wani furotin, babu mai gyara kurakuran da ke faɗawa rubutunsa, sai ya ruɓe a hankali, amma kufansa na nan a DNA. Manyan wel kamar shuɗin wel ba su da haƙora. Matata gare su, wasu faifai masu geza da ke rataye daga dasashin sama, na keratin irin na farce, da su suke tace ƙananan halittu daga ruwa. Tun farkon ƙarni na 19 aka lura cewa ɗan tayinsu kan tsiro da tushen haƙora a ciki, sannan su narke kafin haihuwa. Da aka duba ƙwayoyin gadon da ke ƙera inamel, farin ɓawon nan mai tauri da ke lulluɓe haƙori, sai aka same su duk suna nan amma a wargaje. A ɗaya daga cikinsu, lalacewa iri ɗaya ce a gurbi ɗaya cikin duk masu matata, alamar sau ɗaya abin ya faru a jikin kakansu. A 2019 ƙungiyar Michael Hiller a Jamus ta ƙirga ƙwayoyin gado 85 da suka mutu lokacin da kakannin wel ke komawa ruwa. Cikinsu akwai ta yin yawu, wanda ba shi da amfani ga mai haɗiye abinci cikin ruwa, da wasu na daskarar da jini, da na sinadarin barci, abin da ya dace da dabbar da rabin ƙwaƙwalwarta ke barci rabi na gadi.

Waɗannan kufai sun warware wani zato mai daɗin ji. Dorina ba ta da gashi sosai, tana haihuwa tana shayarwa a ruwa, wel ma haka, don haka aka ɗauka tun kakansu na tarayya aka shiga ruwa. A 2021 Mark Springer da Gatesy da wasu suka duba ƙwayoyin gadon fata da suka mutu a ɓangarorin biyu, suka tarar kurakuran da suka kashe su ba iri ɗaya ba ne. Kowane reshe ya shiga ruwa da ƙafarsa, a lokacinsa. 'Yan'uwa ne, amma ba kamar da ido ke gani ce ta haɗa su ba.

Duk wannan daga jikin masu rai aka karanto shi. Furotin da ke cikin tsohon ƙashi kansa fa? Kolajin, wanda shi ne igiyar da ke riƙe ƙashi, ya fi DNA jure zamani. A 2009 Michael Buckley da Matthew Collins a Jami'ar York ta Ingila suka fito da hanyar daddatsa shi da sinadari a auna nauyin gutsattsarin, kowane jinsi da irin zanen da yake bayarwa kamar zanen yatsa. Ga wel wannan babbar kyauta ce, domin ƙashinsa da ake samu a tsofaffin garuruwa yawanci guntu ne da aka sassare, ba mai iya gane shi da ido. A 2018 aka gwada irin waɗannan guntaye daga wuraren da Romawa ke sarrafa kifi da gishiri a gaɓar mashigin Jibraltar, da kolajin da DNA tare. Aka sami wel mai ruwan toka, wanda yau sai a arewacin tekun Pasifik, da wani jinsin da ya rage 'yan ɗaruruwa a gaɓar Arewacin Amurka. Shekara 2,000 da suka wuce suna yawo a bakin Bahar Rum.

Iyakar da furotin ke kaiwa tana ta matsawa baya. DNA mafi tsufa da aka karanta, daga ƙasar Girinlan, shekararsa miliyan 2. Furotin kuwa an ciro shi daga haƙorin karkanda mai shekara miliyan 1.77 a Dmanisi ta Jojiya a 2019, daga ɓawon ƙwan jimina mai miliyan 3.8 a Laetoli ta Tanzaniya, sannan a 2025 daga haƙoran dabbobi masu miliyan 18 a yankin Turkana na Kenya, da na wata karkanda daga tsibirin Devon a arewacin Kanada mai tsakanin miliyan 21 da 24. Pakicetus da ke da miliyan 50 ya ninka wannan, ya yi nisa. Abin dariyar shi ne inamel ne akwatin da ya fi adana furotin, shi ne kuma abin da manyan wel suka zubar. Sai dai kakanninsu na farko ba su riga sun zubar ba. Janjucetus da aka tono a gaɓar Victoria ta Ostareliya, ɗan reshen masu matata ne amma bakinsa cike da haƙora masu kaifi, da inamel ɗinsu, kuma shekarunsa kimanin miliyan 25 ne. Karkandar Kanada dai sanyin ƙanƙara ne ya tsare mata nata furotin, duwatsun Victoria kuwa ba su sami wannan gata ba.